Agwagwa da zogale a gida ɗaya: ruwa ne ke raba su

Har yanzu ana yawo da maganar nan cewa in kana kiwon agwagi ka dasa zogale a gefen wurin wankansu, ruwan ya zama taki, ganyen ya zama abincinsu, shi ke nan ka huta. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ya cinye mini mafi yawan itatuwan da na dasa, kuma cikin duk masu ba ni shawarar babu wanda ya taɓa tambayar wace irin ƙasa ce a gidana. A jigawa, inda ƙasa ke shanye ruwa kafin ka ajiye bokiti, dabarar tana iya tafiya. Mu da muke zaune kan baƙar lakar nan ta Sudan, wajen Sinnar da Mai Wurno zuwa Sinja, da 'yan'uwanmu na Jazira da Gadarif, lamarinmu daban ne.

Agwagwar da nake magana ita ce wannan mai jan fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, wadda asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Ba lallai sai ta samu kududdufin iyo ba, amma dole ta samu ruwan da za ta nutsa kanta gaba ɗaya, in ba haka ba hanci ya toshe, ido ya yi kwantsa. Haka take cin abinci ma: ta ɗauki loma, ta ruga ruwa, ta dawo. Na raba barmil, wato ganga, mai cin lita 200 gida biyu a tsaye na kwantar da rabi, ya zama wurin wankansu. Agwagi goma suna mayar da wannan ruwan kunun laka da kashi cikin yini ɗaya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, in ka bar shi ya kwana biyu zai yi tsami ya yi kore, kuma daga irin wannan ruɓaɓɓen ruwan ne ake samun cutar da ke sa wuyan agwagwa ya saki, ta kasa ɗaga kai, ta mutu a kwance. Saboda haka zubar da shi kullum ba zaɓi ba ne. Kusan lita 100 ke nan a rana, 700 a mako, kuma dole ka san inda za su.

Zogale kuwa ɗan arewacin Indiya ne, ɗan tudu. Saiwarsa kumburarriya ce mai tara ruwa a cikinta, shi ya sa yake jure fari. Wanda ya kafu, bokiti mai lita 15 zuwa 20 sau ɗaya ko sau biyu a mako ya ishe shi da rani, da damina kuwa ba ya son ko ɗigo daga hannunka. Ka haɗa lissafin nan biyu za ka ga inda aka kwana: tsuntsuwar tana fitar da ruwan da ya ninka buƙatar itatuwa goma kusan sau biyu ko fiye.

Amma ba yawan ruwan kaɗai ya kashe su ba. Ramin ne. Na haƙa wa kowace bishiya rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi, na cika da yashi da lakar bakin kogi da tsohon taki, kamar yadda ake koyarwa ko'ina, sannan na ja 'yar magudana daga barmil ta bi layin. Da rani abin gwanin ban sha'awa. Ƙasar nan tana darewa har ka zura hannu zuwa gwiwa, tsagun suna haɗiye duk abin da ka zuba, itatuwa suka yi ta harbawa sama, ganye baƙi-ƙirin don kore, cikin wata huɗu sun wuce tsayin mutum. Nan ne tarkon yake, don mai ganin haka ba zai taɓa zargin komai ba. Da ruwan Yuli ya sauka, laka ta kumbura, tsagu suka rufe ruf, sai kowane rami ya koma kwatarniya marar ɓuli. Ruwan sama ya gangaro ya taru a ciki saboda yashin da na zuba ya fi ƙasar kewaye saurin shan ruwa, na agwagi ya ƙaru a kai, babu ta inda zai fita. Saiwa tana zaune a tsamo-tsamo, ba iska.

Alamomin suna yaudara, shi ya sa zan jera su yadda suka zo. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya yana zuba. Daga nan da tsakar rana sai kan bishiyar ya yi yaushi kamar mai ƙishi, alhali ƙasa a jiƙe take. Saiwar da ta fara ruɓewa ba ta iya jan ruwa, don haka itacen yana jin ƙishi a cikin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ban ruwa. Sannan gindin, daidai inda ya shiga ƙasa, ya yi laushi, in ka danna da farce ɓawon ya saɓule. Ƙarshenta iskar hadari ta kwantar da shi. Da na tono ɗaya, saiwar da ya kamata ta zama fara mai ƙarfi, mai ɗan yaji a hanci, ta koma ruwan ƙasa, tana narkewa a hannu, warinta sai ka kau da fuska. In abu ya kai matakin laushin gindi, a mance da magani. Abin da ya rage shi ne a sare lafiyayyen reshe daga sama a dasa a wani wuri.

Wani dattijo mai lambu a gaɓar kogi ya biyo ta gidan, ya duba ramukan, ya zura sandarsa a ɗaya ta nutse ba wahala, ya zaro ta tana ɗiga. Na ce, "Baba, ni dai na bi duk yadda aka ce." Ya ce, "Ɗana, dasawa ka yi ko jiƙawa?" Shi nasa zogalen yana ba su ruwa ba lissafi kuma ba abin da ya same su, domin ƙasar gaɓa, wadda kogi ke ajiyewa duk shekara, tana tsiyayar da ruwa. Tsakanin lambunsa da gidana ba tafiyar kirki ba ce, amma ƙasar ba ɗaya ba ce.

Gwajin da zai hana duk wannan ba ya cin ko sisi. Haƙa rami zurfin santimita 40, cika shi da ruwa, bar shi ya shanye, sake cikawa, ka kuma cikawa har bangon ramin ya kumbura ya daina ɗaukar ruwa ta tsagu. Cikawar farko ƙarya take yi a kan laka, kada ka yarda da ita. In ka cika da yamma ka tarar da ruwa da safe, zogale ba zai rayu a rami a wannan wurin ba. Sai tudu.

Yadda nake yi yanzu: ba na haƙa komai, sai dai in sassauta fuskar ƙasa da fartanya. In tara tudu mai tsayin santimita 40 zuwa 50, faɗin mita guda, da kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ƙasar wurin, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki wanda ya huce. In shuka ƙwaya biyu a ƙoli, zurfin santimita 2, su tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, in cire mai rauni. Iri ya fi reshe a irin wannan ƙasa, domin na iri yana yin uwar saiwa mai riƙe shi a iska, na reshe kuwa saiwoyinsa a sama suke, ga gara tana son shiga ta wurin saran. Wanda ya matsu sai ya dasa reshe, ya zaɓi mai tsayin mita ɗaya da kaurin santimita 4 zuwa 5, ya bar shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin ya bushe, ya binne kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin tudu da tudu mita 2 in ganye kake so, mita 3 in 'ya'ya kake so. Kuma a zagaye layin da 'yar kwata da za ta janye ruwan sama zuwa waje, ba wadda za ta kawo shi ba.

Ruwan agwagi ba asara ba ne, mai shi ne daban. Ayaba tana shanye shi ta nemi ƙari. Kuɓewa da lalo da dawar ciyawa ta abu sab'in duk suna ƙaunarsa da rani. Abin da ake ci ɗanye, irin su jarjir da latas, ban yarda a zuba musu ba, kashin tsuntsu ne a ciki. Magudanar tawa yanzu ta juya baya ga zogale, ta gangara ƙasan gida inda ayaba take, tazarar ta fi mita biyar. Da damina ma ina ɗauke barmil ɗin gaba ɗaya, in ajiye musu kwano mai zurfin santimita 15 a kan bulo, don a lokacin ko ayabar ta ƙoshi. Zogale in zai ci moriyar agwagwa, to ta busasshen kashi ne: a share akurki, a tara da ƙaiƙayi da busasshen ganye, a bar shi wata biyu zuwa uku ya ruɓe, a zuba cikin tafin hannu biyu a kewayen tudu, nesa da gindi.

Akwai wani abu da na lura da shi tun kafin su mutu, ban ba shi muhimmanci ba. Zogalen iri yakan yi fure yana wata shida zuwa takwas, fari mai ɗan ruwan madara, mai ƙanshi, ƙudan zuma ba sa barinsa. Waɗanda ke shan ruwan agwagi sun yi ganye kamar hauka amma furen sai ɗai-ɗai. Guda biyun da magudana ba ta kai gare su ba, can jikin katanga, su ne suka yi fure fal, su ne kuma suka tsira. Ruwa da taki in sun yi yawa itacen ganye yake yi. Ɗan ƙishi ne ke sa shi huda. Don haka na raba su aiki. Na ganye ina tsinke musu kai suna santimita 60 zuwa mita ɗaya don su yi rassa, daga baya in riƙa sare su a tsayin ƙirji, kada su tsere wa hannu. Na 'ya'ya guda biyu ko uku ba na taɓa su, ina rage musu ruwa, in bar kwafsar ta bushe a sama har ta yi ruwan ƙasa ta fara tsagewa gida uku.

Ita ma agwagwar ba ta bar ƙaramin zogale ya sha iska. Tana tsinke toho, tana kuma tona gindin tudu da baki in ta samu danshi. Sai an kewaye da raga ko ƙaya mai tsayin mita ɗaya har itacen ya wuce inda wuyanta ke kaiwa. Matan suna tashi sama, don haka a datse gashin fiffike ɗaya, ba biyu ba.

Ta fannin kiwon kansa, abin da ya fi yi wa mutanenmu ɓarna abu biyu ne. Na farko gaggawa. Kaza kwana 21 take ƙyanƙyasa, farar agwagwar turawa mai kuka kwana 28, wannan tamu kuwa 35. Sau da yawa ana kai kwana talatin a ce ƙwai ya lalace a zubar, a fasa a tarar da ɗa da rai. Takan tara ƙwai 10 zuwa 15 ta hau kwanci, kuma a nan ne wankan yake da amfani na gaske: tana sauka ta jiƙa gashinta ta koma kan ƙwan, wannan danshin ne ke taimakon ɗan ya fasa ɓawo. A busasshiyar iskar rani in ka hana ta ruwa, za ka samu 'ya'ya sun fasa baki sun maƙale sun mutu a ciki. Toro ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Kada kuma ka haɗa shi da farar mai kuka kana sa ran iri, 'ya'yan da za su fito suna da nama amma ba sa haihuwa.

Na biyu ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da ake sayowa daga matsar mai. Shi ne mai gina jiki mafi sauƙin samu a nan, shi ne kuma mai kashe 'ya'yan agwagwa in ya sha danshi ya yi fumfuna. Gubar fumfunar gyaɗa ta fi yi wa ɗan agwagwa illa fiye da ɗan tsako nesa ba kusa ba. Abin da kaza za ta ci ta wuce, shi hantarsa zai ci. Ka ɓare shi ka duba ciki, ka shinshina. In ka ga kore-kore ko ka ji warin rima, ko kyauta ne kada ka karɓa, kuma dafawa ba ta kashe gubar. Haɗin da nake yi wa ƙanana a kilo 100: niƙaƙƙiyar dawa faterita 60, dusar alkama 15, ambaz mai kyau 20, garin busasshen kifi 4, garin ƙashi ko ɓawon ƙwai 1, gishiri bai kai rabin kilo ba. Bayan mako uku in rage ambaz zuwa 14 in cike da dawa. Ana damawa da ɗan ruwa ya yi ɓurɓushi, a ba su iya abin da za su cinye nan take, don jiƙaƙƙen abinci yana tsami cikin sa'o'i kaɗan a zafin nan. Mako biyun farko ba ruwa mai zurfi, faranti ne da 'yan duwatsu a ciki; gashin jariri yana jiƙewa, sanyi ya kama shi ko ya nutse a kwanon da bai kai taƙi ba. Sama kuma a rufe da raga saboda shirwa, masu gida kusa da kogi su kula da guza.

A nan ne rabin gaskiyar nan take. Busasshen ganyen zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa mai gina jiki ne, kuma agwagi suna cin sa ɗanye in an rataya musu reshe. A garin abinci kilo 5 cikin 100 ya wadatar, ya kuma sa kwanduwar ƙwai ta yi ja. In ka haura 10 sai su fara ture kwano, girma ya ja baya. Ba ya maye gurbin ambaz, ragewa kawai yake yi. Kusan kilo 5 na ɗanyen ganye ke ba da kilo ɗaya busasshe, kuma a inuwa ake shanya shi, a kan tabarma a rumfa, kwana uku ko huɗu. Rana tana ƙone shi ya koɗe.

In aka ce a zaɓi ɗaya, ni dai zogale zan ce wa mai ƙaramin ƙarfi. Toro yana kai yanka a mako 12 da kilo uku zuwa huɗu in ya samu abinci, mace kusan rabin haka, amma kafin nan ya cinye kusan kela guda, wato kilo 12 da ɗoriya. Kullum sai ka ɗebo masa ruwa, kullum sai ka zubar. A kasuwarmu kuma ba ya tashi kamar kaza ko tattabara, ga masu cewa namansa yana tayar da tsohon ciwo, maganar da ni ban ga hujjarta ba amma tana rage masu saye. Abin yabonta shi ne tauri: annobar da ke share kajin unguwa takan wuce ta bar agwagwa tana yawonta, tana kuma rage ƙuda da fara a tsakar gida. Zogale kuwa bayan wata ukun farko ba ya tambayarka komai, kuma tun yana wata uku zuwa huɗu uwargida ke tsinkar na kwaɗo da dambu. Waɗanda suka bar gidajensu lokacin da faɗa ya iso jihar Sinnar a 2024 sun ga bambancin da idonsu: dabbar da ke jiran ruwa daga hannun mutum ba ta jiran dawowarsa, itacen kuwa ya zubar da ganye ya zauna a kan saiwarsa, in awaki ba su cinye ɓawon ba ya sake toho.

'Ya'yan zogalen ma suna da aikin da agwagwa ba ta da irinsa. Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna kwantar da lakar ruwa da ƙwayar zogale, abin da mai bincike Samia Al Azharia Jahn ta bi diddiginsa a nan Sudan a shekarun 1970 da na 1980 har duniya ta san shi. A ɓare busasshiyar ƙwaya a ɗauki farin cikin, a daka ya yi laushi. Ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi dagwalo sosai, ɗaya ga lita biyu ko fiye in da sauƙi. Jarka mai lita 20 ke nan ƙwaya 10 zuwa 20. A zuba garin a kwalba da ɗan ruwa mai tsabta a girgiza da kyau, a tace da ƙyalle cikin randa, a juya da sauri kamar minti biyu, a juya a hankali kamar minti goma, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu ba taɓawa, a tsiyaye na sama. Kullum sabo ake haɗawa. Kuma farin ruwa ba tsarki ba ne: yana kwantar da laka da yawancin ƙazanta amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Ganin kwalarar da ta ɓarke a ƙasar nan a 2024, ruwan sha sai an tafasa ko an sa masa kulorin bayan an kwantar.

Wanda kuma yake son inuwa dole a daidai inda ruwan agwagi ke kwanciya, ya nemi bagaruwa. Duk mai bin gaɓar kogin Nil Azrak daga Sinnar zuwa Rusairis ya san dazuzzukanta da ke tsayawa cikin ambaliya wata da watanni ba abin da ya same su. Tana yin furenta rawaya ƙulu-ƙulu, 'ya'yanta majema na saye, itacenta na gawayi da katako. Sai dai girmanta ba na zogale ba ne, za ka jira shekaru kafin ka zauna a ƙarƙashinta, kuma ƙayarta tana huda tafin ƙafar agwagwa ya kumbura ya yi ƙurji. A riƙa share ƙarƙashinta, a kuma sare rassan ƙasa a fitar da su daga gidan tun suna ɗanye.